GYARAN HOTO: MANHAJAR KYAUTA KO TA KUƊI, WACE CE TA DACE DA MAI KOYO?

A zamanin da, in mutum yana son hoto, sai ya yi wanka, ya sa rigarsa ta salla, ya tafi wurin mai hoto. Dattawan birnin Yamai ba su manta da Philippe Koudjina ba, wanda ya ɗauki hotunan samari da ƴan mata na birnin a shekarun 1960 da 1970. A Bamako kuma akwai Seydou Keïta da Malick Sidibé, waɗanda yau ake baje hotunansu a manyan biranen duniya. A wancan lokaci gyaran hoto aikin gwanaye ne. Cikin ɗakin duhu ake yin sa, da fensiri mai tsini da ɗan buroshi, a kan fim ɗin asali wanda masu sana'ar suke kira nagatif. Yaro yakan daɗe yana yi wa maigidansa hidima kafin a yarda ya taɓa shi.

Yau al'amari ya sake. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai, salula mai ɗaukar hoto tana aljihun ɗan kasuwa da malamin lakwal da ma'aikacin gona. Ɗakin duhu ya koma cikin kwamfuta da salula. Abin da ya maye gurbin fensiri da buroshi shi ne manhaja, watau tsarin umurni da ake ɗora wa na'ura domin ta yi wani aiki. Manhajojin gyaran hoto suna da yawa: waɗansu kyauta ne, waɗansu sai da kuɗi. Mai koyo yakan rikice a nan, kuma rikicewar tana da tsada. Wani ya zuba kuɗin da ya kamata ya sayi hatsi da su. Wani ya ɗora kwafin sata ya lalata kwamfutar ma'aikatarsu. Wani kuma ya ɓata hoton mahaifinsa guda ɗaya tak da ya rage a gida.

ABIN DA MAI KOYO YAKE BUKATA

Kafin a tambayi sunan manhaja, ya kamata a tambayi irin aikin da za a yi. Yawancin aikin mai koyo bai wuce abubuwa 5 ba. Na farko, datse gefen hoto domin a fid da abin da ba a so. Na biyu, daidaita hoton da ya karkace. Na uku, ƙara haske ko rage shi, domin ranar ƙasar nan tana da ƙarfi, sau da yawa fuska takan fito baƙi ƙirin alhali farar riga tana ƙyalli. Na huɗu, gyara launi, musamman a lokacin hunturu da ƙura take sa hoto ya yi ja-ja. Na biyar, rage nauyin hoto domin a iya aika shi, ko shirya shi domin a wanke.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka da yake bukatar a biya ko tamma. Manhajar hotuna da take zuwa tare da salula, da wadda take cikin Windows, duk suna yin su. Wanda bai iya waɗannan 5 ba, ko an ba shi manhajar da ta fi kowace tsada, hotonsa ba zai yi kyau ba. Ba alƙalami ne yake koya wa mutum rubutu ba.

Akwai kuma ɗan lissafi da ya kamata a riƙe. Hoton zamani tarin ƙananan ɗigo ne masu launi, ana kiran kowane ɗigo fiksel. Masu wanke hoto sukan so ɗigo 300 a kowane inci. Domin haka hoto mai santimita 10 da 15 yana bukatar ɗigo wajen 1,200 a faɗi da 1,800 a tsawo. In ɗigon sun kasa haka ƙwarai, hoton zai fito dishi-dishi a takarda, ko da ya yi kyau a fuskar salula. Wannan laifin ba na manhaja ba ne.

MANHAJOJIN KUƊI

Wadda ta fi suna ita ce Photoshop. Waɗansu ƴan uwa biyu na Amurka, Thomas Knoll da John Knoll, su ne suka ƙirƙira ta, kamfanin Adobe kuma ya fara sayar da ita a shekarar 1990. Sunanta ya bazu har ya zama in an ga hoton da aka yi wa dabara sai a ce an yi masa fotoshof. Kamfanin yana da wata kuma mai suna Lightroom, wadda ta fito a 2007, domin masu ɗaukar hotuna da yawa a lokaci guda, kamar na biki ko na taro.

Babu mai musun ƙarfin waɗannan manhajoji. Amma akwai abin da ya wajaba mai koyo ya sani. Tun shekarar 2013 kamfanin ya daina fitar da sabuwar Photoshop domin a saye ta gaba ɗaya. Yanzu haya ake yi, wata-wata ko shekara-shekara, kamar abonman talabijin. Ranar da aka daina biya, ranar ƙofa take rufewa. A shekarar 2025, kuɗin hayar Photoshop tare da Lightroom ga sabon mai shiga ya kai wajen dala 20 a wata a Amurka. Dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi ba.

Lissafin ba shi da wuya. Yuro 1 daidai yake da sefa 655.957. Ke nan duk hayar yuro 10 a wata ta tashi sefa 6,560, a shekara kusan jika 79. In hayar ta kai yuro 20, shekara ta haura jika 157. A shekara 3 kuɗin sun isa sayen kwamfuta. Bayan haka sai da katin banki irin wanda ake biya da shi ta intanet, abin da ba kowa ne yake da shi ba. Ita kanta Photoshop tana son kwamfuta mai ƙarfi, wadda ƙwaƙwalwarta ta aiki ba ta kasa giga 8 ba, kuma lokaci-lokaci sai an haɗa ta da intanet domin kamfani ya tabbatar an biya.

Akwai wani tarko kuma. Wanda ya sa hannu a yarjejeniyar shekara da ake biya wata-wata, in ya janye bayan makonni biyun farko, ana cajinsa rabin kuɗin watannin da suka rage. A kan wannan al'amari ne hukumomin Amurka suka kai kamfanin ƙara a shekarar 2024. Saboda haka duk wanda zai karɓi gwajin kyauta na kwana 7, ya karanta sharaɗi da kyau kafin ya ba da lambar katinsa.

Ma'aikatan gwamnati kuwa su lura da abin da ya faru a ƙasar Benezuwela. A watan Oktoba na 2019, saboda takunkumin da Amurka ta sa wa ƙasar, kamfanin Adobe ya ba da sanarwar zai rufe asusun masu haya na can baki ɗaya. Kafin watan ya ƙare an sami izini an janye maganar, amma darasin ya fito fili: zanen aro ba ya rufe katara. Ma'aikatar da ta ɗora dukan aikinta a kan kayan haya, makullin ofishinta yana hannun wani.

KYAUTA IRI UKU CE

Kalmar kyauta tana da daɗin ji, amma ba duka kyauta ce iri ɗaya ba.

Iri na farko su ne manhajoji masu ƴanci, waɗanda masana na ƙasashe dabam-dabam suke haɗa kai suna ginawa, kowa yana da izinin ya ɗauka, ya yi aiki da su, ya kwafa wa ɗan uwansa. Babbarsu ita ce GIMP. Ɗalibai biyu na jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, su ne suka fara ta a 1995. Zubinta mai lamba 3.0 ya fito a watan Maris na 2025. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, tana magana da Faransanci, ba ta bukatar intanet bayan an ɗora ta, ba ta kuma neman suna ko lambar kati. Mutum ɗaya zai iya sauke ta a Yamai, ya kai wa malamai 20 a ƙauye, ba tare da ya karya doka ba. Tana da ƴan uwa: Darktable da RawTherapee domin masu babbar kyamara, da Krita domin masu zane.

GIMP ba ta rasa nata cikas ba. Ranar farko fuskarta takan tsorata mai koyo saboda yawan maɓallai. Kuma in aka danna Enregistrer, tana ajiye aikin ne cikin nata tsari mai suna XCF, wanda salula ba ta buɗewa. Wanda yake son hoton da zai aika wa mutane, sai ya danna Exporter. Mutane da yawa sun yi fushi da ita a kan wannan ɗan abu kaɗai. Har wa yau ba ta kai Photoshop ba wajen shirya launuka 4 da manyan maɗaba'u suke aiki da su.

Iri na biyu su ne waɗanda kamfanoni suke bayarwa kyauta domin wata riba tasu ta daban. Snapseed, wadda kamfanin Google ya saya a 2012, tana aiki a salula, ba ta da wuyar koyo, kuma ta isa duk ayyuka 5 da aka ambata. Photopea, wadda Ivan Kutskir ya fara a 2013, ba a ɗora ta a kwamfuta: shafinta ake buɗewa a intanet. Fuskarta ta yi kama da ta Photoshop, tana buɗe fayilolinta, tana samun kuɗinta ta hanyar tallace-tallace. Sai Affinity, wadda kamfanin Serif na Ingila ya daɗe yana sayarwa. Kamfanin Canva na Ostareliya ya saye shi a 2024, a watan Oktoba na 2025 kuma aka mai da Affinity kyauta ga duk wanda ya buɗe asusu a Canva. Manhaja ce ta gwanaye. Amma a tuna, wanda ya sa sharaɗi yau yana da ikon ya sake shi gobe.

Iri na uku su ne na tarko, kuma su ne suka cika kasuwar manhajojin salula. Suna yi wa mutum alkawarin za su mai da shi kyakkyawa cikin daƙiƙa guda. Bayan ya gama aiki sai su buga tambarinsu a kan hoton, su ce sai ya biya kafin a cire. Waɗansu suna neman izinin ganin lambobin mutanen da ke cikin salula, abin da ba shi da haɗi da gyaran hoto. Waɗansu kuma suna aika hoton zuwa kwamfutocinsu na wata ƙasa kafin su gyara shi. Magidanci ya yi tunani kafin ya sa hoton iyalinsa a irin wannan wuri. Ma'aikaci kuwa kada ya kuskura ya sa hoton takardar aiki.

KWAFIN SATA

Akwai hanya ta huɗu wadda kowa ya sani, ko da ba a faɗi ba. A wurin masu gyaran kwamfuta akan sami wanda zai ɗora wa mutum Photoshop da aka fasa makullinta, a kan kuɗi kaɗan. Mai saye yana ganin ya ci riba. Amma wanda ya fasa makullin ba don Allah ya yi ba. Sau da yawa akan ɓoye ƙwayar cuta a cikin irin wannan kwafi, mai satar kalmomin sirri, ko mai kulle dukan takardun da ke cikin kwamfuta har sai an biya fansa. Abin da ya fi muni, kafin a ɗora shi akan ce a kashe manhajar tsaro, watau a kori mai gadi domin ɓarawo ya shiga.

A ɗauki misalin magatakarda a ma'aikatar magajin gari. Kwamfutar da yake gyara hoton taro da ita, ita ce kuma take ɗauke da jerin sunayen jama'a da takardun haihuwa da lissafin haraji. In ta kamu, ba hoto kaɗai aka rasa ba. A da mai wannan hali yana iya cewa ba shi da wata hanya. Yau da GIMP da Affinity suke nan kyauta kuma halal, wannan hanzari ya ƙare.

A KIYAYE NA ASALI

Ko wace manhaja aka zaɓa, akwai doka guda wadda ta fi zaɓen kansa muhimmanci: kada a taɓa yin gyara a kan hoton asali. Masu hoto na da suna adana nagatif cikin ambulan, domin in hoto ya lalace a sake wanke wani. Haka ya kamata a yi yau. A kwafi hoton, a yi aiki a kan kwafin, a bar na asali yadda yake.

Dalili kuwa shi ne, yawancin hotuna suna cikin tsarin da ake kira JPEG, wanda aka kafa a 1992. Wannan tsari yana rage nauyin hoto ta hanyar zubar da wani abu daga cikinsa. Duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa, sai ya ƙara zubarwa, kamar takardar da ake ta yi wa fotokofi daga fotokofi. Haka kuma WhatsApp yana matse hoto in an aika shi ta hanyar da aka saba. Wanda yake son hoto ya isa da cikakken kyansa, ya aika shi a matsayin takarda. Hotuna masu daraja kuma a ajiye su wuri 2 ko 3, domin salula tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

GYARA DABAM, ƘARYA DABAM

Hausawa sun ce gani ya kori ji, shi ya sa hoton ƙarya ya fi maganar ƙarya ɓarna. A shekarar 1982 mujallar National Geographic ta matso da manyan dalolin Masar kusa da juna domin su shiga bangonta, ta kuwa sha suka. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Bairut. Tun 2023 Photoshop tana da dabarar ƙirƙirarriyar basira, wadda mutum zai rubuta abin da yake so, ita kuma ta zana shi cikin hoton kamar gaske. Manhajoji da yawa sun bi sahu.

Iyakar a bayyane take. Ƙara haske domin a ga fuskar mutum gyara ne. Ƙara mutane a hoton taro, ko ƙara buhuna a hoton rumbun tsimi, ko rufe tsagar bangon ajin da ɗan kwangila ya gina, ha'inci ne. Rahoton da aka kai wa shugabanni da irin wannan hoto yana sa a yanke shawara a kan abin da babu. Haka nan hoton katin ɗan ƙasa da na fasfo: ba a goge tsage ko tabo, ba a sauya launin fata. Amfanin wannan hoto shi ne a gane mai shi.

TO, WACE ZA A ZAƁA?

Magidanci ko malami ko shugabar ƙungiyar mata, wanda aikinsa duka a salula yake, Snapseed ko manhajar da ta zo da salular ta ishe shi. Kada ya kashe ko dala.

Magatakarda ko ma'aikacin da yake shirya rahoto da sanarwa, ya ɗora GIMP daga shafinta na ainihi. Ya ba ta rabin awa kowace rana har wata guda. Ya fara da ayyuka 5 na farko, sa'an nan ya koyi aiki da shimfiɗa, abin da Faransanci yake kira kalk: kamar takardu ne masu shara-shara da ake ɗora wa juna, rubutu a ɗaya, hoto a ɗaya, a gyara wannan ba tare da an taɓa wancan ba. Wanda ya gane shimfiɗa a GIMP ya gane ta a Photoshop da Affinity, domin tushen aikin ɗaya ne.

Saurayi ko budurwa mai son ya mai da hoto sana'a, shi ma ya fara da na kyauta. Kuɗin da zai ba da haya a shekarar farko, gara ya sa su a abin da manhaja ba ta iya ba shi: fitila mai kyau, da ma'ajiyar hotuna ta biyu, da batirin da zai riƙe aiki in wuta ta ɗauke. Ranar biya za ta zo da alamunta. In maɗaba'ar da yake kai wa aiki ta ce sai fayil irin na Photoshop, ko hotunan biki sun yi masa yawa har yana kwana a kansu, kuma kuɗin aiki 1 ko 2 a wata sun isa biyan hayar, to lokaci ya yi. A wannan rana manhajar kuɗi ta zama jari. Kafin wannan rana kuwa bashi ce.

Koudjina da Keïta da Sidibé ba su ga ko ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji ba a lokacin da suka yi manyan ayyukansu. Sun san inda za su tsai da mutum, sun san inda haske yake fitowa, sun kuma adana nagatif ɗinsu, shi ya sa jikoki suke ganin fuskar kakanninsu a yau. Mai koyo ya fara daga nan: ya juya wa rana baya, ya tsai da mutum a inuwa mai haske, ya goge gilashin salularsa da tsumma mai tsabta, sa'an nan ya danna.